Layi ɗaya a Python da ruwan kogin Haɗejia

1/ Duk mai koyon Python ya taɓa cin karo da layin nan:

if __name__ == "__main__":

Da yawa kwafa kawai suke yi su liƙa, su wuce. A furojet ɗina kuwa, shi ne ke hana saƙon ambaliya na ƙarya shiga wayoyin manoma. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ Ga wanda ba ɗan yankinmu ba: kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejia. Can sama akwai dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992. In damina ta yi ƙarfi, ruwa ya biyo ta Ringim da Auyo ya iso mana, ga kachala ta toshe masa hanya.

3/ Wanda ya ga 2020 da 2022 a Haɗejia ba sai an ba shi labari ba. Matasa na ɗura yashi a buhu ana ɗaga jinga har cikin dare. Baba na noman shinkafa a fadama, kuma daga Agusta zuwa Satumba tambayarsa ɗaya ce kullum: ruwa ya ƙaru ko ya ja?

4/ Shi ya sa na zaɓi wannan aikin. Fayil ne, kogi.py. Ana ba shi awon ruwa na kowace rana da santimita, ya lissafa ƙarin da aka samu. In ƙarin ya haura iyaka, ya tura tes ga manoman da suka ba da lambarsu.

5/ Toh, a Python kowane fayil mai .py modul ne. Wato wani zai iya rubuta import kogi a nasa kod ɗin, ya ari aikin da na riga na yi. Abokina da ke zana taswirar ambaliyar Auyo da Kafin Hausa lissafin kawai yake so, ba ruwansa da tes.

6/ Ga inda gizo ke saƙar: import ba leƙa fayil yake yi ba. Gudanar da shi yake, daga layin farko har na ƙarshe. In umarnin tura tes na zaune a fili, abokina na yin import a ɗakinsa, wayoyin manoma za su fara ƙara.

7/ Ku auna abin. Mutum ya yanke shinkafa ba ta gama nuna ba, ko ya kwashe iyali tsakar dare, alhali ruwa bai motsa ba. In aka yi haka sau biyu, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo babu mai saurare. Wannan ya fi ba ni tsoro.

8/ Maganin: Python na da wasu ma'ajiyoyi na musamman da yake cikawa da kansa, masu layi biyu gaba, biyu baya. __name__ na cikinsu. Ka kunna fayil kai tsaye, yana ɗauke da "__main__". Aka yi import ɗinsa, yana ɗauke da sunan modul ɗin, wato "kogi".

9/ Saboda haka tsarin nawa:

def bambanci(jiya, yau):
    return yau - jiya

if __name__ == "__main__":
    tura_tes()

Lissafi na kowa ne. Tura saƙo kuwa sai wanda ya kunna fayil ɗin da gangan.

10/ Na biyu, __file__. Shi ke faɗa wa modul inda yake zaune a kwamfuta. Da Path(__file__).parent nake nemo fayil ɗin awon ruwa da ke kusa da shi. Ko ta filasha aka kai shi wata kwamfutar, zai yi aiki.

11/ Na uku, __doc__. Bayanin da ka rubuta a saman fayil cikin """ """ nan yake shiga, help(kogi) ya nuna shi. Nawa da Hausa na rubuta: awo da santimita ne, ba mita ba. Wanda ya rikita biyun, lissafinsa ya kauce sau ɗari.

12/ Ƙaramar shawara: kar ka sa wa fayil ɗinka suna csv.py ko random.py. Python zai ɗauko naka ya bar na asali, ka wuni kana neman aljanin da ya shiga kod ɗinka 😅

13/ Furojet da yawa ranar difens suke mutuwa, saboda mai su kaɗai ke iya kunna su. Kogin nan kuwa bai tsaya a Haɗejia ba. Yana wucewa ta Kirikasamma da Guri har dausayin Nguru, kuma can ma tambayar Baba suke yi.

14/ Burina ɗalibin can ya rubuta import kogi, ya sa awon garinsu, ya ɗora daga inda na tsaya. In kana yankin kuma kana taɓa Python, yi min magana kafin damina ta kankama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ambaliya 🤲