Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Mu da muka tashi a arewa, ruwan sama baƙo ne mai zuwa da sanarwa. Hadari ya haɗu, iska ta kaɗa, kowa ya nemi mafaka. A Dutsen Kamaru kuwa ba haka abin yake ba. Dutsen ya haura mita 4,000, kuma a gindinsa ta ɓangaren teku akwai ƙauyen Debundscha, inda ruwan shekara kan kai milimita 10,000, alhali na Marwa bai cika kai 1,000 ba. Ko da rani, lokacin da aka fi hawa daga Buea, girgije na iya sauko wa mutum ba sallama.

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu shi ne sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6. Jiƙaƙƙen tufa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki, balle na auduga mai riƙe ruwa. Wanda ya isa masauki da dare, rigarsa sharkaf, bargonsa sharkaf, rayuwarsa ce ke cikin haɗari. Na taɓa kwana kusa da wani saurayi da haƙoransa ke kaɗawa har asuba, sai da muka haɗa masa busassun kayanmu.

Da yawa sun dogara da rigar da ake lulluɓe jaka da ita. Tana taimakawa, amma ba ta rufe inda jakar ta jingina da bayan mutum, nan kuwa ruwa ke gangarowa daga wuya ya shiga ta ɗinki da zif. Don haka ni daga ciki nake fara tsaro. Nakan shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar, in zuba kaya, in matse iskar, in murɗe bakin, in lanƙwasa shi ƙasa, sannan in ɗaure da roba.

A cikin babbar ledar ma kowane abu da tasa ƙaramar. Kayan kwana da safa ɗaya, ba na taɓa su sai dare. Ashana, tocila, waya da katin shaida ɗaya. Magani ɗaya, domin mai ciwon suga ko hawan jini ba shi da kantin magani a kan dutse. Garin kwaki da kilishi su ma da tasu, don gari in ya sha ruwa ya tashi daga guzuri. Rigar ruwa tana can sama, inda hannu zai kai ba tare da buɗe sauran ba. Abin da ya jiƙe kuma ba ya komawa cikin busassu, a aljihun waje yake zama.

Duk wannan a gida ake yinsa, ba a tsakiyar ruwa ba. Kuɗin ledar bai kai na kwanon abinci ba. Sai dai a tuna, tun 2009 wurin ya zama gandun daji na ƙasa, saboda haka duk ledar da ka hau da ita, ka sauko da abarka. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.