Ƙafar Kaza a Kasuwar Tsuntsaye ta Aziziyya

Daga tsakiyar Riyad, jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a ƙarshen 2024 yana kai mutum unguwar Aziziyya, can kudancin birnin, a kan riyal 4. Daga tasha motar haya ce ta ƙarasa da ni kasuwar tsuntsaye. Juma'a ce bayan la'asar. A garin da zafin bazara kan kai digiri 45, ba mai fito da tsuntsu rana tsaka.

Wari da hayaniya ke fara tarbar baƙo. Tantabaru ne a gaba, su ne 'yan gatan kasuwar, maza sun yi wa mai gwanjo zobe yana ta ɗaga murya. Sai aku da kanari, sai agwagi da talo-talo. Jama'a ta kai ɗaruruwa. Masu saye galibi 'yan ƙasa ne cikin farar jallabiya, wasu riƙe da hannun 'ya'yansu. Masu tsaron keji kuwa 'yan ci-rani ne daga Sudan, Yaman da Bangaladash. A watan Disamba na 2017 an taɓa rufe kasuwar nan, da murar tsuntsaye nau'in H5N8 ta ɓulla a cikinta.

Layin kaji na daga ciki. Kazar gida, wadda suke kira baladi, na ji ana yi mata kuɗi daga riyal 30 zuwa 50, ta fi ta kanti mai ƙanƙara tsada nesa ba kusa ba. Manyan kajin ado irin su Brahma, masu gashi har yatsu, kuɗinsu na shiga ɗaruruwa. Yawancinsu istiraha za a kai su, wato shingayen hutu da iyalai ke da su a bayan gari, inda ake ajiye 'yan kaji da tumaki.

Na lura mai saye gashi yake kallo, da girman zakara. Wani dattijo ɗan Sudan ne ya nuna mini inda ya kamata ido ya fara sauka. Ya cafko wata dakwalwa, ya kifar da ita a tafinsa, ya ware yatsunta. "Duba nan, ɗan'uwa," in ji shi, "a nan ake gane gidan da ta fito." Nata tafin sumul. Amma a kejin maƙwabcinsa akwai zakaran da ke tsaye da ƙafa ɗaya, tafin ɗayar ya kumbura, da baƙin ɓawo a tsakiya. Ƙaramin rauni ne mafarinsa: ragar waya ta yanke shi, ko siminti ya goge fatar, ko ya yi ta dirowa daga bisa da nauyinsa. Ƙwayar cuta ta samu ƙofa, mugunya ta daskare a ciki ta yi tauri, shi ya sa matsawa ba ta fitar da ita. In ya yi nisa sai likitan dabbobi ya tsaga. Kuma kusan duk kejin da na leƙa, a kan ragar waya kajin ke tsaye.

Gaba kaɗan na ga masu kirci. Ɓawon ƙafa ya ɗaɗɗago, ya yi fari kamar an barbaɗa toka. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa a ƙarƙashin ɓawon, yana bin kaji daga wannan zuwa waccan a wurin kwana. A kajin ado ya fi samun mafaka, don gashin ƙafa na rufa masa asiri har sai an biya kuɗi an kai gida. Dattijon ya ce a jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi, a lafta basilin, a yi ta maimaitawa makonni, a kuma wanke akurkin. A ƙasarmu na sha ganin ana tsoma ƙafar a baƙin mai ko kananzir. Ƙona fata kawai suke yi. Man kaɗanya ya fi su sauƙi ga kaza.

'Yan tsaki na cikin kwalaye, an shimfiɗa wa wasu jarida. Santsinta ke sa ƙafafunsu su bankare gefe da gefe, alhali dusar katako kaɗan ta isa ta hana. Wanda yatsunsa suka nannaɗe ciki kuwa, sau da yawa ƙarancin bitamin B2 ne a abinci, kuma shagunan ƙarshen layi na sayar da garin bitamin da ake zubawa a ruwan sha. Wadda ba ta da magani ita ce cutar Marek: matashiyar kaza ta kwanta, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Rigakafinta ranar ƙyanƙyasa ake yi. Na tambayi masu tsaki ko an yi wa nasu, kowa ya ce an yi, ba wanda ya nuna takarda.

A hanyar fita na ga yadda ake miƙa kaza ga wanda ya saya. Kwali ake hudawa a saka ta, ba a ɗaure ƙafafu a rataye ta kai ƙasa. Wannan kam sun fi mu, don zaren da aka manta a ƙafar kaza yana iya cin nama har ya guntule yatsa.