Kada Sunayen Namun Daji Su Ɓace Mana

Yau hirarmu a kan sunayen namun daji ce.

Ku dubi ɗan kunya. Jikinsa duk ɓawo ne mai tauri, ba shi da haƙori ko ɗaya, sai dogon harshe na lasar gara da tururuwa. In ya ji motsi sai ya dunƙule ya ɓoye fuska, sai ka ce amarya. Wanda ya raɗa masa wannan suna ya san shi sarai. Amma kunyar nan ita ta cuce shi, gama maharbi sunkuyawa kurum zai yi ya ɗauka. Har a 2016 ƙasashen duniya suka hana cinikinsa a tsakaninsu.

Raƙumin dawa kuwa ba raƙumi ba ne, dogon wuya ya jawo masa sunan. A 1996 irin na Afirka ta Yamma saura 49 tak, duk a Nijar, kusa da Yamai. Da aka kiyaye su, sun haura 600.

Ni na tashi ina jin tsofaffinmu na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi suna ambaton dabgi mai haƙa rami da dare, da bodari mai wari, da dage mai taurin kai. Yau gona ta cinye daji, abin da ya rage kuma ba ya shiguwa don rashin tsaro. Dabbar da ba a gani, sunanta ma mantuwa yake.

To, 'yan makaranta, ku ɗauki alƙalami ku zauna gaban kaka, ta faɗa ku rubuta. Iyaye mata kuma ku riƙa sa sunayen nan cikin tatsuniya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.