Ginin Nasa Ne, Kayan Namu

Daren Laraba, 3 ga Yuni 2015, ba mu runtsa ba a gidanmu na haya da ke Maamobi. Tun bayan magariba ake zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin tsakar dare babbar kwatar da ke tsakaninmu da Nima ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shigo ɗakinmu har gwiwa. Da gari ya waye muka ji abin da ya faru a gidan man da ke Kwame Nkrumah Circle, inda ambaliya da gobara suka haɗu, mutum fiye da 150 suka rasu. Wanda ya ji wannan ba ya kukan katifa. Muka yi shiru, muka gode wa Allah.

Amma katifar ta tafi. Firiji ya mutu, talabijin ma haka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne akwatin Mma. Shekara huɗu tana zuba adashi, tana sayen atamfa turmi-turmi saboda auren ƙanwata. Da muka buɗe, laka ce da rini a cakuɗe.

Mai gida ya zo da safe, ya dubi bangon da ya tsage, ya ce zai gyara. Mma ta ce, "Alhaji, kayanmu fa?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ginin ne nawa."

Gaskiya ya faɗa. A zango yawancinmu 'yan haya ne. Mukan biya kuɗin shekara ɗaya ko biyu gaba ɗaya, sai mu ɗauka mun samu mafaka. Ko da mai gida ya yi wa gininsa inshora, bango da rufi ta shafa, ba abin da ɗan haya ya tara a ciki ba.

Maƙwabta sun yi ƙoƙari. Wannan ta kawo zane, wancan tabarma. To amma ruwan da ya shiga ɗakinmu ya shiga nasu. Aka ɗaga bikin da shekara guda.

Bayan na fara aiki ne na nemi sanin inshorar kayan gida. Ma'aikaciyar kamfanin ta ce in lissafa duk abin da zan ɗora a mota ranar tashi: gado, kujeru, tufafi, tukwane, kayan wuta. Su ake karewa daga gobara, da ambaliya, da ɓarawon da ya fasa ƙofa. Abin da ya tsufa ya lalace da kansa ba ya ciki. Gwal da keken ɗinkin da ake sana'a da shi, sai an ambace su daban. In ka rage darajar kayanka don kuɗin shekara ya yi sauƙi, ranar biya su ma za su rage. Ta kuma tambaye ni ko ruwa ya taɓa shiga gidan. Na so in ɓoye, sai ta ce ɓoyewar kan sa a ƙi biyan mutum, gara farashi ya ƙaru.

Mma ba ta yarda nan take ba. Ta ce, "Kai yanzu ƙaddara za ka saya?"

Na ce, "Mma, ba kya kulle ƙofa da dare?"

Na san malamai sun yi saɓani, wasu na ganin riba da rashin tabbas a ciki. Shi ya sa aka fito da takaful, wadda ta fara a Sudan a 1979, inda jama'a ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don tallafa wa wanda asara ta samu. Kowa ya tambayi malaminsa, ya kuma tabbatar kamfanin na da lasisin hukumar inshora ta Gana.

Ni dai na yi. Na ɗauki hoton kowane kaya da rasidinsa na adana a intanet, domin takarda ma ruwa na cin ta. Yanzu in hadarin Yuni ya haɗo, muna ɗora akwatuna a kan tebur kamar kullum. Bana Mma da kanta ta miƙo mini rasidin sabuwar atamfarta, ta ce, "Sa wannan ma."