Halowin a Titi na 116

Duk ɗan kasuwar da ƙarshen watan Oktoba ya taɓa riska a birnin Niyok ya san yadda garin yake rikiɗewa. Kabewa ko'ina, an rarake cikinta, an yanka mata idanu da haƙora, an sa fitila a ciki. Ranar 31 ga wata ake yin Halowin, al'adar da mutanen Ayalan da Sikotlan suka shigo da ita Amurka a ƙarni na 19. Yau dai ta zama ta yara da ta masu sayar da alewa.

Ni a Harlem na gan ta, a titi na 116, wajen kasuwar Malcolm Shabazz, inda 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma suka koma bayan an tashe su daga bakin titi na 125 a 1994. A unguwannin gefen gari yara gida-gida suke bi, kuma gidan da ya kunna fitilar ƙofa shi ne yake maraba da su. Nan kuwa benaye ne, sai su riƙa bin shaguna tun da la'asar, kowa da jakarsa. Kalma uku kawai suke faɗi, ma'anarta a ba mu ko mu yi ɓarna, mai shago ya zuba musu alewa su wuce.

Ƙanena yana tuƙin tasi a can, kuma ɗansa mai shekara bakwai ya dage sai ya fita. Uwarsa ta ce ba ruwanta da ƙwarangwal ko aljani a jikin ɗanta. Akwai iyayen da ba sa barin yara su leƙa waje ma ranar, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai yaron da duk ajinsu za su wayi gari suna ba da labari, shi yana zuru, shi ma abin dubawa ne.

Na ce masa, "Zo nan, ɗana, mota za mu yi maka irin ta babanka." Muka samo kwali a bayan shago, muka cire gindinsa da murfinsa, muka shafa masa fenti ruwan ɗorawa. Faranti huɗu na takarda muka baƙanta suka zama taya, igiya biyu ta ratso kafaɗunsa. A bar kwalin da faɗi, domin sanyi ya riga ya shigo, dole ya hau kan rigar sanyi. Muka manna masa salatif mai ƙyalli gaba da baya saboda motoci, don duhu yana saurin yi. Kayan roba na shago kuwa, kuɗi ne za ka zuba a abin da dare ɗaya za a sa.

Ina yankan kwalin nan ina tuna tashe a Maradi. Azumi na kai kwana goma muke fitowa bayan shan ruwa. Auduga da ƙaro su ne gemu, baƙin tukunya a fuska, tsohon gwangwani shi ne ganga. Ba a ba ka don ka zo kawai. Sai ka yi wasa, ka ba matan gida dariya, sannan a auno maka gero ko a miƙo dala. Wanda wasansa ya yi lami, haka zai fita da ƙoƙonsa wayam. A nan ne nake ganin namu ya fi nasu armashi.

Da suka dawo, uwar ta juye jakar a kan tabarma. Wadda ledarta ta buɗe ta zubar. Mai taushin nan kamar roba ta ware gefe tana karanta bayan leda, domin da yawa ana haɗa su da sinadarin da ake samowa daga alade. Cakulan ɗin ta ƙirga, ta ce biyu a rana.