LAMU, GARIN DA JAKI YA FI MOTA DARAJA

A gaɓar tekun Indiya, cikin ƙasar Kenya, akwai wani tsibiri da ake kira Lamu. Mutanen garin galibinsu Musulmi ne masu harshen Suwahili, kuma tun kaka da kakanni abincinsu a teku yake. Da an idar da sallar asuba sai masunta su nufi bakin ruwa, su kwance jiragensu na katako waɗanda iska ke turawa.

Lungunan garin ƙunci gare su ainun, mota ba ta shiga. Saboda haka abin da jirgi ya sauke, buhun shinkafa ne ko siminti ko dutsen gini, jaki ne ke kai shi gida. Har asibitin jakuna aka buɗe musu a 1987, kuma lokacin Maulidi, sa'ad da baƙi ke cika masallacin Riyadha, akan yi sukuwar jakuna ana ta sowa. Su kuwa 'yan acaɓa da suka shigo daga baya, dattawa ba su yi maraba da ƙararsu ba.

Amma abin da ya fi tsaya wa masunta a rai shi ne babbar tashar jiragen ruwa da gwamnati ta gina kusa da su, aka buɗe a 2021. Yasar ƙasan teku ta ɓata wuraren da kifi ke taruwa. Tun 2018 kotu ta ce a biya masunta 4,600 diyya, sai dai an kwashe shekaru suna jiran kuɗin.