Wanda Ya Je Legas, Ya Leƙa Badagiri

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, da hutun da ya wuce na je Legas gaida wani ɗan'uwa, sai ya ce ba zan koma gida ba sai na ga Badagiri. Na yi ta nauyin jiki, ina cewa me ke akwai a bakin ruwa in ban da ƙarnin kifi? Ashe ni ne ban sani ba.

Garin yana yamma da Legas, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. A tashar Mayil Tu ake shiga mota. Ku yi sammako, don in rana ta ɗaga cunkoso zai cinye muku yini. Ku riƙi ruwan sha, ku sa takalmin da zai jure rairayi. Masu zagayawa da baƙi suna nan da yawa, amma ku gama ciniki da su tun kafin a ɗaga ƙafa.

Ku fara da tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Nijeriya. Ku kuma sani daga wannan gari ne Baturen nan Kilafatan ya taso a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ajali ya same shi a Sakkwato a 1827. Kun ga tarihinmu ya taɓo nan.

Daga nan sai gidan Sarki Abbas, inda akwai ɗakuna 40 da ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Na shiga ɗaya, ƙunci da duhu suka sa na kasa daɗewa. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi. Shi Abbas ɗin nan da kansa an taɓa kama shi an sayar, ya dawo ya shiga cinikin mutane, kuma Musulmi ne. Da jin haka na so in kau da kai, sai na tuna kullum ina ce muku a aji kada a ɓoye gaskiya don ta yi ɗaci.

Bayan haka ku shiga kwalekwale ku ƙetare zuwa tsibirin Geberefu. Kada kowa ya shiga ba rigar ruwa, ko da mai jirgi ya ce ba komai. A can ne ƙauye yake: itatuwan kwakwa, bukkokin masunta da tarunsu a shanye. Hanyar rairayin da za ku bi ita ce bayi suka bi a ɗaure. Akwai wata rijiya a gefenta da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar teku ne, wurin da ake kira mashigar da ba a dawowa. Ku tsaya nesa da igiyar ruwa, ku riƙe hannun ƙanana, don ɗan tudu bai san halin teku ba.

Iyaye, in Allah Ya hore muku zuwa Legas da yara, ku ware yini guda saboda wannan. Ku kuma ɗalibai, ku tafi da littafi da biro, don duk wanda ya je sai na tambaye shi abin da ya gani. Allah Ya tsare mu da zaluntar bayinSa. Wassalam.